Bashin Nawa Ne, Zargin Na Kan Surukina

Anti Vernita,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin kwanakin da suka rage mini ba su da yawa. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Asali ma ina cikin masu cewa duk wanda ya kai sirrin gidansa jarida ba shi da ta ido. Yau ga ni zaune da biro a hannu. Na canza sunayen kowa, amma sauran maganar babu ƙari babu ragi.

Shekarata sittin da ɗaya. Na yi shekara ashirin da tara ina aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare a nan Macon, kuma ni ke koyar da 'yan mata a cocinmu ran Lahadi. 'Ya ɗaya Allah Ya ba ni, Chantrice. Na tsare ta da tarbiyya, ban sakar mata fuska ba, kuma har gobe ban yi nadama ba. Abin da ta tashi tana ji a bakina shi ne, abin da ba ki da kuɗinsa ba naki ba ne. Katin bashi kuwa nakan ce mata igiya ce da mutum ke saƙa wa wuyansa da hannunsa.

Sai dai kin san halin ƙasar nan. Wanda bai taɓa cin bashi ya biya ba, ba shi da maki, wato lambar da bankuna ke auna amanar mutum da ita, wanda ba shi da maki kuwa ko ɗakin haya sai ya sha wuya kafin a ba shi. Saboda haka da Chantrice ta cika sha bakwai, na yi abin da iyaye da yawa ke yi. Na kira banki na ce su ƙara sunanta a kan tsohon katina, a matsayin wadda aka yarje wa amfani da shi. Nata katin ya zo a ambulan, na sa almakashi na yanka shi, ban ko gaya mata ba. Nufina kyakkyawan tarihin biyana ya riƙa shiga takardarta tana zaune. Da wane baki zan ce wa yarinyar da nake yi wa huɗuba a kan kati ga nata? Dabarar kuwa ta yi aiki. Shekara huɗu da suka wuce ta je sayen mota ta dawo tana tsalle, wai makinta ɗari bakwai da hamsin da biyu. "Mama, mai sayar da motar har tashi ya yi ya jawo mini kujera!" Na ce mata, to kin ga amfanin jin magana.

Daga nan mijina Wendell ya kwanta ciwon ƙoda. Wata goma sha huɗu muna zirga-zirgar wankin ƙoda, sau uku a mako. Inshora ta biya nata, ta bar mana namu, namun kuwa ba kaɗan ba ne. Ga magani, ga mai a mota, ga ranakun da ban je aiki ba. Da Allah Ya karɓi abinsa, na ce mutumin da ya yi shekara talatin yana tsaye a ƙofar coci yana tarbar jama'a ba za a binne shi a akwati mai araha ba. Mutum ɗari biyu suka ci abinci bayan jana'iza, kaji da makaroni da burodin masara, babu wanda ya tashi da yunwa. Kowa na cewa, ai Wendell ya bar matarsa da rufin asiri. Ban ƙaryata ba. Kati huɗu ne suka yi wannan rufin asirin, dala dubu ashirin da uku, kuɗin ruwa kashi ashirin da shida cikin ɗari.

Anti, na yi fiye da shekara ina biya kamar mai zuba ruwa a kwando. Albashi ya shigo Juma'a, kafin Talata ya ƙare. Na daina sayen nama sai ran Lahadi da jikoki za su zo. Takalmin aikina ya huje, na sa kwali a ciki. Ba kuka nake miki ba, na ga wahalar da ta fi wannan ina yarinya. Gajiya ce dai irin wadda barci ba ya maganinta.

Wata bakwai da suka wuce na ajiye girman kai na je ofishin masu ba da shawara kan bashi, irin waɗanda ba don riba suke yi ba. Ban je na garinmu ba, na tuƙa mota har wani gari don kada in haɗu da ɗan cocinmu. Wata yarinya sa'ar 'yata ta zaunar da ni ta bi takarduna ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko ɗaga gira ba. Ta sa ni a tsarin biya: duk wata in ba su dala ɗari huɗu da tamanin da biyar, su raba wa bankunan, kuɗin ruwa ya sauko kashi takwas, in gama cikin shekara biyar ba wata uku. Sharaɗin shi ne a rufe katunan duka huɗu. Ta ce makina zai ɗan faɗi da farko. Ta kuma ce, na tuna sarai, in ci gaba da biyan kowane banki ɗan abin da ya saba karɓa har sai ya aiko da takardar amincewa da tsarin. Ni kuwa na ga tunda na ba ofishin kuɗin wata, me zai sa in biya sau biyu? Ina ma zan samo? Bankuna uku suka amince da wuri. Na huɗun ya ja ƙafa, ya rubuta cewa na makara da biya wata guda. Ni da ban taɓa makara ba tun ina budurwa. Makina da ya taɓa kai ɗari bakwai da sittin, yau ɗari biyar da casa'in ne. Na ce ba komai, ni da zan mutu a gidan da nake ciki me zan yi da maki?

Wallahi ko sau ɗaya sunan Chantrice bai faɗo mini a rai ba. Shekara goma sha huɗu ke nan, na manta shaf. Wannan kati na huɗun kuwa shi ne tsohon, mai sunanta.

Yanzu bari in zo kan surukina, Lamont. Direban bas ne. Ba ya sha, ba ya dukanta, yana son 'ya'yansa biyu, wannan ba zan hana shi ba. Amma mutum ne mai sakin hannu. Takalman wasansa sun fi ƙafa ashirin, yana jere da su kamar mai kanti. Ya taɓa sayen ƙaramin kwalekwalen kamun kifi matarsa na da ciki wata takwas. Na yi masa faɗa a kan wannan, na kuma yi masa a kan wasu, a gaban kowa, domin ni ba na magana a bayan ido. Yaran yanzu suna son su ci yau abin da za su noma baɗi. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Mama, da ke ce ke riƙe da baitulmalin ƙasar nan da tuni mun fara ba wasu rance."

Shekara biyu ke nan suna tara kuɗin gida, kuma in faɗi gaskiya, ya kame hannunsa, har kwalekwalen ya sayar. A watan jiya suka samu gida mai ɗaki uku da fili a baya, kusa da makarantar yaran. Suka ajiye dala dubu biyu kafin alƙalami. Sai ma'aikaciyar banki mai kula da bashin gida ta kira Chantrice a waya ta ce makinta ya faɗo ɗari shida da hamsin da wani abu, a haka kuɗin ruwan da za a sa musu ya fi ƙarfin albashinsu. Ta ce akwai wani kati a takardarta da ya cika maƙil, an rufe shi, ga kuma makara. Ta faɗi sunan bankin. Lamont yana da kati a wannan bankin.

Ran Lahadi bayan coci, a kan teburina, abin ya fashe. Chantrice ta ajiye cokali ta ce, "Lamont, a gaban uwata ka gaya mini, da sunana ka buɗe kati? Ƙafafun nan naka guda biyu ne ko arba'in?" Ya ɗauka wasa ne, ya ce, "Haba 'yan mata, ni da ko safa na saya sai Mama ta gani a mafarki, a ina zan ɓoye kati?" Babu wanda ya yi dariya. Ya rantse, ya ciro waya yana nuna mata nasa katin babu ko sisi a kai. Ta ce ai ɓarawo ba ya nuna aljihun da ya sa kaya.

Ni kuwa tun da na ji sunan bankin na gane. Na san katin. Na san har lambobi huɗun ƙarshensa. Chantrice ta juyo ta ce, "Mama, kin ji fa." Anti Vernita, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ni dai na sha faɗa." Ban ce shi ne ba. Amma duk wanda ke teburin ya san abin da kalmomin nan ke nufi, ni ma na sani.

Yau kwana tara Lamont yana kwana a gidan ƙaninsa. Chantrice ta ce in bai amsa ba zuwa ranar da za su zauna da ma'aikaciyar bankin, Alhamis ta sama, za ta kai ƙara cewa an saci sunanta an ci bashi, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Jikata ta tambaye ni ko babanta ya daina son su. Ran Asabar ina wanke-wanke na ji ƙarar injin yankan ciyawa, na leƙa, sai ga shi yana yanke mini ciyawar ƙofar gida kamar yadda yake yi tun rasuwar Wendell. Da ya gama ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu, ya ce, "Mama, na san ba na burge ki. Amma ki sa ni a addu'a, don ban san abin da na yi ba." Na miƙa masa ruwan sanyi na ce Allah Ya bayyana gaskiya. Ko kallon idonsa ban iya yi ba.

Ga tambayoyina. In na fita daga tsarin nan, za a buɗe katin makinta ya dawo? Ko kuwa zuwan da na yi wurin masu shawarar ne ya ɓata mana suna, ni da ita? Akwai wasu da ke aiko mini takarda suna cewa da dala ɗari tara za su wanke maki cikin kwana talatin, zan iya sayar da zoben Wendell in biya. Sannan ko akwai hanyar da zan cire sunanta a ɓoye, abin ya wuce kamar kuskuren banki, Lamont ya koma gidansa ba tare da na tsaya gaban 'yata na ce uwar da ta hana ki kati tana da huɗu ba? Ban ci kuɗin nan a banza ba, Allah Ya sani. Mutuncin nan shi kaɗai ya rage mini. Na gaji, Anti.

Uwar da barci ya ƙaurace wa,
Macon

*

'Yar'uwata,

Na ga ranar da kika ambata, shi ya sa na tsallake wasiƙun da ke gaban taki. Da farko, Allah Ya ji ƙan mijinki. Kin yi jinya, kin yi binne, kin ɗauki kaya ke kaɗai. Bashin da aka ci a kan gadon asibiti ba abin kunya ba ne, zuwanki wurin masu shawara kuwa shi ne abu mafi hankali a duk labarin nan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har da waɗanda kike gudun haɗuwa da su a coci.

Bari mu fara da tambayoyin kuɗi, su ne masu sauƙi.

Neman shawara ba ya rage maki. Shiga tsarin biya ma, shi a kan kansa, ba ya cikin abin da ake lissafawa, ko da yake wani banki yakan rubuta a takarda cewa ta hannun masu shawara ake biyansa, mai ba da sabon bashi kuma zai iya gani. Abin da ya kayar da makinki abu uku ne: katunan sun cika tun kafin ki je, rufe su ya sa babu sauran sarari tsakanin abin da ake binki da iyakar da aka yarje miki, sai kuma makarar nan ta wata guda, wadda ta fi sauran ciwo. Biyu daga ciki suna warkewa duk watan da kika biya a kan lokaci bashin ya ragu. Makarar takan daɗe a takarda, har shekara bakwai, amma nauyinta yana raguwa da tsufa. Ki nemi yarinyar ofishin ta taimake ki rubuta wa bankin roƙo su yafe ta, tunda a lokacin sauyi ta faru kuma tarihinki fes yake. Wani lokaci sukan yarda, wani lokaci a'a.

Kada ki fita daga tsarin. Katin da aka rufe ba zai buɗe don kin fita ba, makarar ba za ta goge ba, kuɗin ruwan ne kawai zai koma ashirin da shida. Kin gudu ke nan ba ki tsira ba. Masu wankin maki kuma ki jefa takardarsu a shara. Babu wanda zai iya goge abin da yake gaskiya, abin da yake kuskure kuwa ke ma za ki iya sa a gyara shi kyauta. Zoben Wendell ya zauna inda yake.

Matsalar Chantrice ta fi taki sauƙi. Ba ita ake bi ba, sunanta ne kawai a kai. Ki kira bankin gobe da safe ki ce a cire ta. Ita kuma ta nemi kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi su fitar da katin daga takardarta, ta roƙi ma'aikaciyar bashin gidan ta sa a sake lissafa makin cikin gaggawa, suna da hanyar yin haka cikin 'yan kwanaki in an kawo shaida. Ba zan yi miki alkawarin ɗari bakwai da hamsin ba, domin in katin ya fita, tsawon tarihinsa ma ya fita. Amma tana da nata tarihin na mota, kuma akwai kyakkyawan zaton ya isa. Su kuma nemi mai gidan ya ƙara musu mako biyu a rubuce, don kada kafin alƙalaminsu ya salwanta.

Kin lura duk wannan da hannun Chantrice za a yi shi? A nan tambayarki ta ƙarshe ta samu amsa. Babu hanyar ɓoye. Ran Alhamis za a shimfiɗa takardar a kan tebur, a jikinta akwai shekarar da aka buɗe katin, lokacin 'yarki ko karatu ba ta fara ba, Lamont kuwa yana can yana wasan ƙasa. Akwai kuma alamar cewa ita mai izini ce kawai. Ma'aikaciyar za ta ɗago kai ta ce, wannan ai na iyayenki ne. Zaɓin da ke gabanki ba faɗa ko shiru ba ne. Ko ta ji daga bakin uwarta a gida, ko ta ji daga bakin baƙuwa a ofis, mijinta na zaune a gefe. In kuwa ta riga ta kai ƙarar sata, sunanki za a tarar a ƙarshen binciken.

Na auna ɓangarenki. Sa sunanta da kika yi ƙauna ce, ta kuma ci moriyarta shekara goma sha huɗu. Mantuwa ba zunubi ba ce. Amma ki bari in gaya miki abin da ke ma za ki gaya wa wata: abin da ya faru a teburin nan ba mantuwa ba ne. Kin san gaskiya, kin bar mutum ya fita daga gidansa da tambarin ɓarawo. Takalmansa da kwalekwalensa ba su da hannu a wannan, kada ki jingina da su. Kowace rana da kika ƙara, wani abu na tsinkewa tsakaninsa da matarsa wanda babu bankin da zai ɗinke shi.

Kina tsoron mutuncinki zai zube. Chantrice za ta yi fushi, ƙila ta faɗi maganar da za ta yi miki zafi, ki haɗiye, tana da haƙƙi. Sai dai ina zaton abin da zai fi ƙona mata rai ba katunan ba ne, sanin cewa uwarta ta yi shekara biyu tana tafiya da kwali a takalmi ita ba ta da labari. Tarbiyyar da kika ba ta ba ta rushe ba. Saura darasi ɗaya da ba ki taɓa koya mata ba, yadda babba ke cewa na yi kuskure, kuma ba a koyar da shi da huɗuba.

Kada ki jira Lahadi, kada ki dafa komai. Yau in kin tashi daga aiki ki ɗauki takardun tsarin nan, ki fara biyawa ta gidan ƙanin Lamont, domin shi aka fi zalunta, shi ya kamata ya fara ji. Ki gaya masa a taƙaice, ba tare da "amma" ba. Sannan ki roƙe shi ya raka ki wurin matarsa, ku shiga tare.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sassauta miki harshen 'yarki, Ya mallaka musu gidan nan, ke kuma Ya nuna miki watan da za ki biya dalar ƙarshe kina da lafiya.

Taki,
Anti Vernita